Fararen Fitilu a Hanyar Mamudri

A shekarar 1987, cikin watan Nuwamba, Malam Sha'ibu ya fara ganin Ajimi. Sha'ibu bai fi mako uku da saukowa daga Damagaram ba, da akwatin ƙarfe ɗaya na kayan aiki da takardar shaida daga garejin mishan, inda wani mompera, limamin Kirista, ya shekara huɗu yana koya masa gyaran wutar mota. Ya kafa rumfa a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, kusa da tashar Diffa, yana zaman jiran kasuwa. Sai ga wani dogon Babarbare ya turo tsohuwar Fijo a-kori-kura, fitilarta ɗaya ɗaure da tsinken roba. Ya tsaya ya ƙare wa akwatin kallo, ya ƙare wa mai akwatin kallo, ya ce, "Afuno, ka iya aikin ko kaya kawai ka tara?" Afuno shi ne sunan da Barebari ke kiran Bahaushe da shi. Daga ranar har tsufansu bai kira shi da wani suna ba.

A wancan zamani Diffa ƙaramin gari ce, kana iya sanin kowace mota da kukanta. In aka tsinke tattasai a kwarin Komadugu, rufin ɗakuna da filayen bakin kogi sai su yi jajir da shanya, ƙamshinsa ya bi iska har cikin masallaci. Aikin Ajimi ɗaya ne, kuma bai taɓa sauya shi ba: ya tashi daga Diffa bayan sallar asuba, ya bi gudron, wato kwalta, ya sauka cikin rairayi bayan Geskeru, ya isa Mamudri, ƙauyen manoman tattasai a gaɓar kogi, kilomita arba'in da biyu daga ƙofar gidansa. Can zai loda buhuna da masu buhunan ya kawo su kasuwa kafin manyan masu saye su gama cika motocinsu. Ba mai yawan magana ba ne. Bai iya karatun boko ba, amma ya haddace ramukan hanyar nan kamar yadda ake haddace surori.

A 2003 ya sayar da Fijo ya sayi a-kori-kura ƴar Japan, ta hannu. Bai yi wata biyu da ita ba wani bijimi ya gitta masa, ƙarfen da ke riƙe da fitilar hagu ya lanƙwashe. Tun daga nan fitilar dama na duban gaba, ta hagu na duban ƙasa, duka biyun kuma ruwan ɗorawa, irin na masana'anta. Mutanen kwari suka raɗa wa motar suna Harara-garke. Sha'ibu, wanda aka horar da shi cewa karkataccen aiki abin kunya ne, ya yi ta roƙo a bar shi ya miƙe ta.

"Bar ta, Afuno," in ji Ajimi. "Ɗaya tana duba min hanya, ɗaya tana duba min rami. Kai da idanunka ke a miƙe, me ka hango a duniya?"

Sai shekarar 2015 ta zo da abin da ta zo da shi. Bindiga ta ƙetaro kogi. Aka hana hawan babur, aka kafa dokar hana fita, garuruwa da yawa suka watse suka koma bakin gudron cikin bukkokin leda. Mutanen Mamudri sun gudu sau biyu, sau biyu kuma sun koma, don tattasai ba ya bin mai shi gudun hijira. Amma sun koma da wata sabuwar ɗabi'a. Duk wanda ya fita da asuba don tayar da injin ban-ruwa, sai ya fara duban hanya. In ya hango wuta biyu farare masu ƙarfi, a jere daidai, to masu bindiga ne, ko na wane ɓangare, kuma babu mai tsayawa ya tambaya. In ya hango ruwan ɗorawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai ya ce, "Harara-garke ce," mata su ci gaba da damun kunu. Ajimi ya san ana gane motarsa. Abin da bai sani ba shi ne da me ake gane ta. Shi a zatonsa da kukan inji ne, kamar da.

A ƙarshen 2021 ya fara kuka da fitilunsa. Sha'ibu ya sauya ƙwai, ya wanke gilashi, ya auna batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Komai lafiya. Mako na zagayowa Ajimi ya dawo.

"Wutar nan ta mutu, Afuno. Aci-balbal ta fi ta."

A ranar ne, suna zaune bayan magariba, Ajimi ya ɗauki buta zai zuba shayi, ya zuba shi a kan tabarma, yatsa biyu daga bakin kofi. Sha'ibu ya gani. Ya kuma ga yadda mutumin ya yi maza ya ja gefen rigarsa ya rufe wurin. Kalmar dundumi ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Yaya za ka ce wa direban da ya shekara arba'in a kan sitiyari idonka ne ya gaji? Ajimi yana da mata, da ƴaƴa mata biyu da suka dawo gida da marayu, kuma duk motar nan ce tukunyarsu. Sai Sha'ibu ya ce, "Akwai wasu sababbin fitilu da suka shigo daga Kano. Farare. An ce dare rana suke mayarwa."

Washegari aka sayo su a kanti cikin kwali mai ƙyalli. Sha'ibu ya yi aikin da ya fi kowane aiki kyau a rayuwarsa. Ya cire tsofaffin ya naɗe su da tsumma. Ya ciro lanƙwasasshen ƙarfen nan na shekara goma sha takwas, ya ɗora shi a maƙera ya miƙe shi, don sabuwar fitila ba ta zama a kan karkataccen gurbi. Ya ja sabuwar waya mai kauri daga batir. Da rana ta faɗi ya tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, taki goma daga bangon gareji, ya ja layi da alli daidai tsayin fitilun, ya yi ta juya noti har hasken biyu suka kwanta a kan layin, babu wanda ya ɗara wani ko da ƙwayar gero. Haka mompera ya koya masa. Bangon ya yi fari ƙal.

Ajimi ya tafa hannu kamar yaro. "Allah ya yi maka albarka, Afuno! Yau na ga bango."

"Da can me kake gani?"

"Kai nake gani, shi ya sa raina ke ɓaci."

Ranar Talata ce kasuwar Diffa. Sha'ibu ya ce zai bi shi ya ga yadda hasken ke kwanciya a kan rairayi. Suka tashi bayan asuba, sanyin Disamba na shiga ta ƙofar da ba ta rufuwa sosai. A shingen sojoji Ajimi ya kashe fitilu ya kunna ta cikin mota, kamar yadda aka saba, aka duba su aka ɗaga musu hannu. Da suka sauka daga gudron, hasken ya tsaga daji har ana ƙirga ƙayar aduwa. Ajimi na ƴar waƙarsa ta Barbarci. Sha'ibu na jin daɗin aikin hannunsa.

Suka shiga Mamudri gari bai gama wayewa ba. Babu kowa.

Buhunan tattasai na jere a gindin tsamiya inda aka saba tara su. Tukunya na tafasa a kan murhu, ludayi a ƙasa. Ƙofofi a buɗe. Can wani injin ban-ruwa na ta kuka shi kaɗai. A tsakiyar hanya, cikin farin hasken, ga takalmin mace ƙafa ɗaya.

Ajimi ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya kashe fitilun, ya fito ya tsaya a kan rairayi yana kira da Barbarci, da Hausa, da duk muryar da Allah ya ba shi: "Ni ne! Ajimi ne! Jama'a, Ajimi ne!"

Sai da rana ta fara leƙowa suka soma fitowa daga cikin ciyawar bakin kogi. A watan nan Komadugu cike take. Maza jiƙe har ƙirji, mata da goyo, haƙora na kaɗawa. Babu wanda ya yi faɗa. Suka tsaya suna duban fuskar motar kamar wadda ba su taɓa gani ba. Daga baya aka ji ana salati ta wajen gonaki: an tsinci Ya Yagana a cikin magudanar ban-ruwa. Tsohuwa ce mai shekara wajen saba'in, gwauruwa, ɗanta ya ɓace tun 2015, ita ke riƙe da matarsa Zahra'u da ƴaƴansa da kuɗin tattasan da take aunawa a kasuwar Diffa. Ta yi gudu cikin duhu, ƙafa ta zame, ƙashin ƙugu ya karye.

Da aka kwantar da ita a bayan mota a kan buhuna, ta buɗe ido ta ga Ajimi tsaye a kanta, hula a hannu.

"Ajimi," ta ce, tana cije leɓe, "wa ya ce ka kai matarka mai taya huɗu a gyara mata ido? Mu da hararar muka san ta."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ke fita bayan tsoro. Ajimi bai yi ba. Bulaman garin, wato mai gari, ya ja shi gefe, ya kira shi da Ba, wato baba da Barbarci, Sha'ibu na ji.

"Ba Ajimi, ba mu ce ka yi laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma don Allah kada wutar nan ta sake shigowa garin nan."

"In na buga waya kafin in taso fa?"

"Ka buga wa wa? Akwai rugage uku kafin ka iso mu, su ma yau a ruwa suka yi sallah. Kuma ko ni da ka gaya wa, in na hango farar wuta, ƙafata ba za ta jira kunnena ba."

A likitar Diffa, wato asibiti, aka ce ƙashi ya tsufa, da wuya ya haɗe. Bai haɗe ba. Ya Yagana ba ta sake takawa ba.

Daren Laraba bai yi ba sai da Sha'ibu ya kwance fararen fitilun ya mayar da su kwalinsu. Ya warware tsumma ya fito da tsofaffin. Ya ɗaura su, ya kunna, suka kwanta a kan layin alli daidai wa daida, ruwan ɗorawa amma a miƙe.

"Ba ita ba ce," in ji Ajimi. "Ba za su gane ta ba."

Sha'ibu ya sake ciro ƙarfen hagu. Ya ɗora shi a maƙera, ya ɗaga guduma, ya tsaya. Shekara talatin da huɗu yana miƙe abin da ya karkace a garin nan, bai taɓa karkatar da miƙaƙƙe da gangan ba. Ya buga. Ya ɗaura, ya duba, ya kwance, ya ƙara bugu, sau huɗu, yana ƙoƙarin tuno inda bijimi ya bar ta a 2003. A na biyar hasken hagu ya faɗi ƙasa, kamu biyu daga layin.

"Yauwa," in ji Ajimi. Amma ba bangon yake kallo ba, gefensa yake kallo.

Talata biyu ya je ya dawo lafiya, da haddar hanya. A ta uku, iska ta kwashe rairayi ta tona wani kututture da babu shi a haddarsa. Motar ta hau shi ta kwanta a gefe. Allah ya sa tafiyar zuwa ce, babu kowa a baya. Da aka jawo ta gareji, Sha'ibu ya rufe ƙofa ya zauna gaban abokinsa.

"Ajimi, ba fitila ba ce."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka ga shayin nan." Ya juyo da fuska wajensa. "Na ga ka gani, Afuno. Na ce in ka yi magana in ji, in ka yi shiru in yi shiru."

Babu dabarar da ba su gwada ba a watanni ukun da suka biyo. Sha'ibu ya ɗaura fararen a saman ƙarfen gaba da maɓalli daban, a kunna su a gudron a kashe in an sauka rairayi. To, gudron ɗin ba ya bukatar wuta. Rairayin ne ke bukata, kuma nan ne aka hana. Ajimi ya gwada tashi bayan fitowar rana. Ya isa kasuwa da hantsi ya tarar manyan motoci sun cika sun ɗaure, manoma suka sayar a wulaƙance, suna gaishe shi ba sa haɗa ido da shi. Matar Sha'ibu, Indo, ta riƙa gasa hanta tana aika masa, don an ce ita ce maganin dundumi. Sha'ibu da kansa ya rufe gareji Talata biyar ya zauna a gefensa ya zama idonsa: "Dama. Dama kaɗan. Rami. Jaki, Ajimi, jaki!" A ta biyar wata mata ta fito daga bayan geza da tulu a ka, Sha'ibu ya yi ihu, motar ta tsaya gefen zanenta na taɓa ƙarfen gaba. Ajimi bai gan ta ba sam, kuma gari ya riga ya waye. Suka yi zaune a cikin motar har matar ta gama zaginsu ta wuce.

A watan Afrilun 2022 Sha'ibu ya raka shi Damagaram wajen lokotoron ido. Suna da fatan yana ce, wadda ake kankarewa mutum ya tashi yana gani. Lokotoron ya haska, ya auna, ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce ke bushewa daga gefe zuwa tsakiya. Magani na iya rage mata sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambayi sana'arsa. Da aka gaya masa, ya ajiye alƙalami ya dube su su biyun.

Wani mutumin Ngigmi ya sayi motar. Sharaɗinsa ɗaya: a miƙe fitilar hagu a ɗaura masa fararen. Sha'ibu ya ce hannunsa na ciwo, ya tura shi wani gareji. Mamudri ta samu wata mota mai zuwa da hantsi, manoma suka saba da farashin hantsi.

Daga nan Ajimi ya daina zuwa gindin bedi. Sha'ibu ya je gidansa sau uku. Sau biyu aka ce yana barci, sau ɗaya aka ce ya fita. Ya ɗauka fushi ne, kuma bai ga laifinsa ba. Shi ya ambaci fitilun Kano. Shi ya miƙe ƙarfen. Shi ya ga shayi a tabarma ya kama bakinsa. Ya kan kwana yana jera waɗannan uku, ya rasa wanne zai fara neman gafara a kai, sai ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Aka yi damina aka gama ba su haɗu ba.

Wata Talata cikin Janairun 2023, Indo ba ta da lafiya, ta aike shi kasuwa sayen tattasai. Bai san layin ba, sai da ya tambaya. Layi ne na mata zalla, tsofaffi da zawarawa, kowace da buhunta a buɗe da tiyarta ta awo. A tsakiyarsu, a kan ƴar kujerar mata, gwiwoyi sun kusa kai masa haɓa, ga Ajimi zaune da hularsa ta direbobi. Yana cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya murza a kunne ya ji bushewarsa, ya cika tiya, ya shafa samanta da tafin hannu ya ji tozon ya kai. Matan gefe na tsokanarsa.

"Direba, taka birki, ka zubar!"

"Hajiya, shekara arba'in ina ɗauko ku ban zubar da ko ɗaya ba, duk nauyinki."

Sha'ibu ya ja baya ya tsaya bayan rumfa. Nan Zahra'u, surukar Ya Yagana, ta same shi. Ta gane shi tun ranar fitilu. Ya tambaye ta da ido. Ta ce a layin nan, in wurin mace ya yi Talata huɗu babu kowa, wata ake ba. Ita ba ta iya wuni a kasuwa, ga tsohuwa a kwance sai an juya ta, ga gona. Maƙwabta sun riƙe musu wurin iya ƙoƙarinsu, har suka gaji. Ana gab da bayar da shi sai ga Ba Ajimi da sanda, ya zauna. Tun watan Mayu ke nan bai fashi ko Talata ɗaya ba. Takan kawo buhu da hantsi, ta yi cefane, ta karɓi cinikin makon jiya a ƙulle cikin tsumma, ta koma.

"Nawa yake ɗauka?"

"Ko goro ba ya ci a ciki, Malam. Ruwan shansa ma daga gida yake zuwa da shi."

"Tsohuwa ta sani?"

"Ya rantsar da ni. Ce mata na yi wani ɗan uwanmu ne. In ta ji shi ne, cewa za ta yi ya tashi, ai ta yafe tun a bayan mota."

Sha'ibu ya daɗe a wurin. Sannan ya zagayo ya durƙusa gaban buhun, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ajimi ya karkata kai, yana neman sa da ɗan abin da ya rage a tsakiyar idonsa.

"Afuno. Saye ka zo ko kallo?"

"Tiya ɗaya. Indo ce ta aiko ni." Ya matso kusa. "Ajimi, ni fa..."

"Buɗe ledarka."

Ya cika tiya, ya shafa tozonta, ya juye. Sha'ibu ya yi ƙoƙarin wasa irin na da, ya ce, "Ba gyara? Shekara talatin da biyar?"

"Ba gyara," in ji Ajimi, yana lalubar bakin buhun ya naɗe shi. "Kayan mutane ne."